Jirgin Wasa A Filin Ƙwallo

Ranar 9 ga Disamba, 1979, wani ƙaramin jirgin sama da ake sarrafawa da rediyo, mai nauyin kusan kilo 18, ya ƙwace a filin wasa na Shea da ke New York, ya afka wa 'yan kallo. Wani saurayi ɗan shekara 20 ya rasu sanadiyyar haka.

Yanzu dokar Amurka ta hana irin waɗannan jirage kusantar manyan filaye lokacin gasa. To, amma ƙananan filayen unguwa fa, inda masu jirage da yara 'yan ƙwallo ke cuɗanya? Wajibi ne hukumomin gari su ware wa kowa sa'o'insa. Muddin akwai ɗan wasa ko guda a fili, kada a yarda jirgi ya tashi.