Wa Ya Ce Wasa Shiririta Ne?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar ɗalibi ya ɗaura takalmin ƙwallo da la'asar, sai ka ji wani mai ji da kansa ya ce, "Wannan ba karatu ya kawo shi ba." Haba malam!

Ku dubi yaron da ya tashi a ƙauyukan Bichi, ko Ɗambatta, ko Minjibir, inda gona ke manne da gona. Da damina gayya ce ta koya masa aiki cikin mutane. Da kaka kuwa, in farin wata ya fito, sai dandali a yi langa. A nan ya gane cewa ruwa ba ya sha sai 'yan'uwansa sun tare masa abokan gāba. Wane littafi ne zai koya masa wannan?

To, ga shi yau ya shigo jami'a a birnin Kano. Bai san kowa ba, kunya ta hana shi buɗe baki a aji. Daga lacca sai ɗaki, daga ɗaki sai latsa waya. In damuwa ta kama shi, wa zai gaya wa? Irin wannan kaɗaici ne 'yan ƙwaya ke farauta, kuma mun ga yadda abin ya kai, har gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018.

Amma ku sa shi cikin 'yan wasa goma sha ɗaya ku gani. Dole ya kira sunan Bayarabe ya miƙa masa ƙwallo. Dole ya koyi haƙuri ranar da aka ci su. Ranar da bai fito fili ba, mutum goma za su bi sawunsa har ɗaki. Ai zumunta a ƙafa take.

Na san za a ce wasu sun faɗi jarrabawa saboda ƙwallo. Gaskiya ne. To, don wani ya ƙware da tuwo sai a daina tuƙi? Waɗanda suka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya a Ibadan a 1966 ba su raina karatu ba.

Saboda haka, malamai, ku sakar mana yammacin rana ɗaya a mako, maza da mata kowa da filinsa. Ƙungiyar Hausa kuma, rawa da waƙa kaɗai ba su ne al'ada ba. Ku shirya gasar langa tsakanin sassa. In kun shata fili, ni ne farkon kama ƙafa.