Hutu a bakin teku: Gran-Popo

Da yawa cikin ƴan kasuwarmu sun yi shekaru suna zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kwatano, amma ba su san teku ba sai ta bayan shingen tashar jiragen ruwa. Da aka rufe gadar Gaya a 2023, wasu suka karkata zuwa Lome. To, tsakanin biranen nan biyu, kimanin kilomita 85 yamma da Kwatano, akwai Gran-Popo, garin masunta na ƙasar Benin, inda ake ba da hayar ƙananan gidaje cikin itatuwan kwakwa, ƙofa na kallon ruwa.

Abin da za mu fara faɗa wa mai karatu shi ne: tekun nan na kallo ne. Wanda ya iya iyo a tafkin Madarunfa kada ya ruɗi kansa. Gaɓar tana da gangara, igiyar ruwa kuma idan ta bugo za ta koma, takan zare rairayi daga ƙarƙashin ƙafar mutum ta ja shi ciki. Mai iyali ya riƙe hannun yaransa.

Daɗin wurin yana bayan gari, a kogin Mono. A yi ciniki da mai jirgi tun kafin a shiga, ya ratsa da ku ta ƙauyukan da mata ke dafa gishiri, har inda kogi ya faɗa teku. Faransawa na kiran wurin Bouche du Roy, wai bakin sarki, alhali kuwa kalmar Fotugal ce suka ji a karkace, ma'anarta bakin kogi. A cikin gari akwai Villa Karo, gidan al'adu da ƴan Finlanda suka buɗe a 2000. Mai son tarihi ya ba Wida wuni guda: ganuwar da Fotugal ta gina a 1721, wadda ba ta saki ba sai 1961, da hanyar kilomita 4 da bayi suka taka zuwa gaɓa, inda aka kafa ƙofar tunawa da su a 1995.

Batun ciki kuwa, otel zai kawo maka soyayyen dankalin Turawa da farashin Yamai. A ganinmu asarar kuɗi ce. Da hantsi je ka inda masunta ke jan taru suna waƙa, ka sayi kifi yana motsi, ka ba mai kula da gida ta gasa. Nemi dakwan, garin rogo da aka tuƙa cikin romon kifi, ko akasa, wato kafa, da jatan lande da yaji. Nama dai a tambaya kafin a kai baki, domin alade ba baƙo ba ne a kudancin Benin. Farin ruwan da ake miƙa wa baƙo a ƙaramin kofi kuma sau da yawa sodabi ne, barasar da ake tacewa daga bammi.