A Duba Karsana Kafin A Kai Ta Mayanka

Duk wanda ya leƙa mayankar Oko-Oba a Agege, ko zangon shanu na Akinyele a Badun, zai ga karsana ba iyaka cikin shanun da motoci ke kawowa daga Potiskum da Maigatari. Abin takaici, sau da yawa sai an farke ta a tarar da tayi a ciki. Hasara biyu ke nan da wuƙa ɗaya.

Karsanar Bunaji takan kai shekara 4 kafin haihuwar fari. Makiyayin da ya sayar da ita da ciki don kuɗin hatsi ya rage garkensa na gaba, kuma fataken Kurmi su za su fara jin tsadar.

Ba a ce kada a yanka karsana ba. Wadda ta ƙi ɗaukar ciki, a raba ta da bijimi, a turke ta kamar wata 3 da dusa da harawa da angurya da ɗan kanwa. Takan yi kitse da wuri fiye da sa, don haka kada a daɗe, balle a Kurmi inda sammore ke jira.

Dillalai su matsa likitan dabbobi ya duba kowace kafin ciniki, sarakunan pawa kuwa su ƙi wadda ba a duba ba.