Sharhi: Injin Da Ya Canza Aiki Ya Kamata Ya Canza Lamba

A kusan kowace babbar ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, wadda mutanenmu suke kira loko, akan tarar da wani ɗan ƙaramin kan jirgi yana tura taragu daga wannan layi zuwa wancan. Wannan aiki shi ake kira shantin. Wani lokaci asalin irin wannan inji na gyaran layin dogo ne, kamar wanda ke danne tsakuwar da ke ƙarƙashin layi. Idan kayan aikinsa suka tsufa, amma injin dizal da ƙafafunsa suna da sauran ƙarfi, sai kanikawa su kwance kayan, su bar shi yana shantin. Dabara ce ta tsimi wadda ba ta da laifi, domin sabon kan jirgi da kuɗin waje ake sayensa.

Inda matsala take shi ne a rajista. Injin ya bar aikinsa na farko, amma a takarda yana nan a matsayin kayan gyaran layi. Ke nan sashen injiniyoyin layi yana lissafa shi cikin kayansa alhali ba ya hannunsa, su kuwa ma'aikatan loko suna amfani da abin da babu shi a littafinsu. Birkinsa kuma an ƙera shi ne domin ya tsayar da nauyin kansa kawai. Ranar da ya kasa riƙe taragu masu lodi, kamfanin inshora zai buɗe takarda ya ga inji na gyaran layi aka yi wa inshora, sai a shiga jayayya a kan wanda zai biya.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun tsara lamba mai alƙaluma 12 ga kowane abin da ke tafiya a layin dogo. Alƙaluma biyu na farko suna nuna irin abin: 92 kan jirgi ne mai dizal, 98 na shantin mai dizal, 99 kuwa na injunan aiki na musamman, har da na gyaran layi. Biyun da ke biye suna nuna ƙasar da aka yi rajista, kamar 80 ga Jamus. Da ganin lambar, sufeto ya san da wace ƙa'ida zai auna injin.

Birtaniya ma ta bi ta wannan hanya. Daga 1973 hukumar jiragen ƙasarta ta sake wa kawunan jiragenta lamba bisa tsarin kwamfuta na TOPS, wanda ta samo daga kamfanin Southern Pacific na Amurka. Wasu ƙananan injuna biyar ƙirar Ruston & Hornsby, na sashen injiniyoyin layi, masu lamba PWM650 zuwa PWM654, daga baya sun koma 97650 zuwa 97654. A lura an bar alƙaluma uku na ƙarshe yadda suke, ta yadda tsohon tarihin gyaran kowane inji bai ɓata ba. A ganinmu wannan shi ne mafi muhimmancin darasi, domin sabuwar lamba da ta shafe tsohuwa ta fi rashin lambar haɗari.

Wani zai ce wannan ɓata lokacin akawu ne a kan tsohon ƙarfe. To, tun da aka yi wa tsarin mulki gyara a 2023, jihohi sun sami ikon shiga harkar jiragen ƙasa, kuma 'yan kasuwa za su riƙa karɓar haya ko sayen kayan aiki. Babu bankin da zai ba da rance a kan injin da ba a san sunansa ba.

Don haka ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta sa doka cewa duk injin da aka juya zuwa shantin, a Ebute Metta ne ko Zariya ko Enugu, a gwada birkinsa, a rubuta iyakar nauyin da zai ja a jikinsa, a ba shi sabuwar lamba, sannan a ajiye tsohuwar tare da lambar masana'antar da ta ƙera shi a shafi guda na rajista.