Masu Kwana a Ƙarƙashin Tirela

A unguwar New Bell ta Duwala, idan aka tambayi mace ina maigidanta ta ce "yana hanya", ba mai ƙara tambayar wace hanya. Kowa ya san ta. Ita ce wadda ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, ta ratsa Edeya da Yawunde, ta karkata gabas zuwa Bertuwa da Garwa-Bulai, sannan ta miƙe arewa ta Ngaundere da Garwa da Marwa har Kuseri, inda ake haye gadar Ngeli a kan kogin Logon a shiga Njamaina. Kilomita wajen 1,800 ke nan. Chadi ba ta da teku, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ma haka, saboda haka yawancin shinkafa da fulawa da magungunan da suke sayowa daga waje ta nan suke bi, a bayan tirela. Da dama daga cikin masu riƙe da sitiyarin kuwa 'ya'yan unguwarmu ne.

Na yi karen mota a wannan hanya ina saurayi, kafin in zauna a shagon kayan gyara, don haka abin da zan faɗa ba a bakin shayi na tsinto shi ba.

Turawa kan sayi mota mai gado da kicin da banɗaki su yi ta yawon shaƙatawa da ita, suna ɗora hotuna a intanet. Direbanmu ma a mota yake zaune, watanninsa a cikinta sun fi na ɗakin matarsa yawa, sai dai shi ba wanda ya gina masa komai. Kicin ɗinsa akwatin ƙarfe ne da mai walda ya liƙa a gefen tirela. Idan ka buɗe za ka ga murhun gawayi, tukunya biyu, rabin buhun shinkafa, man ja a gora, magi, albasa, da butar shayi da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Ruwa yana cikin jarkoki, kuma shi ake wa lissafi fiye da komai: na sha, na alwala, na girki, na injin idan ya yi zafi. Wanka sai an dace da rafi. Direba yana kwana a ɗan gadon da ke bayan kujera. Yaron mota kuwa tabarma yake shimfiɗawa tsakanin tayoyi, ya ɗaura gidan sauro a jikin ƙarfen tirela. Ba rashin wuri kaɗai ya kai shi nan ba, gadin batir da tankin mai yake yi. A damina, cikin dajin gabas, ruwa kan bi ta ƙarƙashinsa ya jiƙa tabarmar, haka zai zauna a tsugune har a kira asuba.

Bayan salla sai a bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya ana bugu da guduma, domin ƙarar ce ke gaya maka wadda ta yi sanyi. A sha shayi da burodi, a tashi. Abinci yana sauyawa da ƙasa: bobolo da gasasshen kifi a kudu, kilishi da nono a Ngaundere, fura da tuwon dawa idan an gangara inda zafin Maris ke wuce digiri 40. Gangaren kuwa shi ne na Mbe, wanda ba direban da yake raina shi. A dawowa da kaya, idan mota ta fara nishi a hawan, sai ka ji daga sama: "Kai, sauka da waigi, ka bi ta a ƙasa!" Ka ce "To, maigida", ka diro da gungumen icce a kafaɗa kana tafiya kusa da tayar baya, idonka a kanta. In ta tsaya cak kuma ba ka cusa waigin a kan lokaci ba, sai dai a kai labari gida.

Amma tuƙi ba shi ne ke cin mutum ba. Jira ne. Jiran lodi a Yasa, bakin shiga Duwala. Jiran takardu, jiran sikeli, jiran a buɗe iyaka, jiran makanike ya kawo wani ƙarfe daga gari mai nisan yini. A Disambar 2020, da 'yan tawayen Afirka ta Tsakiya suka datse hanyar Bangi, ɗaruruwan manyan motoci sun yi makonni jibge a Garwa-Bulai, sai cikin Fabrairun 2021 aka fara wucewa da rakiyar dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta arewa kuma, lalacewar titin Mora zuwa Dabanga da fargabar Boko Haram sun sa wasu sun gwammace su bi ta Tuboro da Mundu. Duk wannan jira, a wajen mai mota kyauta ne. Kuɗin hanya dunƙule yake bayarwa tun daga Duwala, ko tafiyar ta yi mako ko ta yi wata. Sefa 500 na kowace ƙofar haraji yana da rasit. Abin da ake miƙawa a shingaye ba shi da shi. Kuɗi ya ƙare, uwargida ta bugo waya cefane ya yanke, direba ya zuƙi mai a tanki ya sayar, a dawo gida a kira shi ɓarawo. Yaron mota kuwa ko albashi ba shi da shi, sai abin da maigida ya ga dama, wai ai sana'a yake koya.

Na san amsar masu motoci, kuma ba ƙarya ba ce. Litar man dizal ta tashi daga sefa 575 zuwa 720 a Fabrairun 2023, ta koma 828 bayan shekara guda. Yarjejeniyar rabon kaya ta ba motocin Chadi kashi 65 cikin 100 na kayan ƙasarsu, na Kamaru su yi ta layi a kan ragowar. To amma wanda ya fi kowa rauni aka bar wa nauyin, shi ya sa ban yarda a tattara laifin duka a kai ƙofar gwamnati a juya ba.

Kakanninmu sun fi mu tsari a wannan fanni. Fataken da suka biyo ta Banyo da Tibati da Yoko, suna kawo kanwa da tufafi suna komawa da goro da hauren giwa, ba a daji suke yada zango haka kawai ba. Ayari yana da madugu mai ɗaukar alhakin kowa, kowane zango yana da mai masauki da zai ba ka ruwa da wurin ajiye kaya, ya yi jinyarka in ka kwanta. Da irin wannan karɓar baƙo unguwar Hausawa ta New Bell ta ginu, haka ma Birketiri a Yawunde. Yau jikokinsu ne ke da tireloli goma-goma, muna sahu ɗaya da su ranar Juma'a, amma yaransu na kewayawa bayan mota da buta a gefen titi, zazzaɓi ya kama su su sayi ƙwaya a faranti.

Abin da nake nema a wajen alhazanmu bai kai kuɗin tirela guda ba. Su haɗa hannu da ƙungiyoyin direbobi, waɗanda dama suna karɓar kuɗin ƙa'ida, a sami fili mai katanga a manyan matsayai, da rijiyar burtsatse, banɗaki, rumfar salla da mai gadi, domin yaro ya kwana a kan gado. A rubuta wa direba kuɗin kowace rana da ya yi a tsaye ba da laifinsa ba, a yanka wa yaron mota albashi ko yaya yake. In za a fara da wuri ɗaya, ni Garwa-Bulai zan zaɓa, don a nan hanyar Bangi da ta Njamaina suke rabuwa, motocin duka biyu kuma a nan suke kwana.