Tarin fuka: an horar da malaman asibiti, to ina suke yanzu?

Jama'a masu bin shafinmu, duk ranar 24 ga watan Maris, ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya, mukan ji jawabai, a ce an horar da ma'aikatan lafiya kaza. Madalla. Amma mutumin da ya taso daga wani ƙauyen Azarori yana tari mako uku, abu guda ne ya dame shi: malamin da zai tarar a CSI yau, ya san wannan ciwo kuwa?

Ciwon ba ƙarami ba ne. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da shi, wajen miliyan 1.25 suka rasu. Alhali yana warkewa, kuma a Nijar maganin kyauta ne: wata 6, biyun farko da magani iri huɗu, huɗun ƙarshe da iri biyu. Matsalar ita ce gano shi da wuri, da riƙe marar lafiya har ya gama sha. Duk biyun kuwa a hannun ma'aikaci suke.

Malamin da ya samu horo, da ya ji tari ya kai mako 2, ga zazzaɓi, ga zufar dare, ga rama, sai ya ce a kawo majina a auna. Wanda bai samu ba, sai ya rubuta maganin mura, mutum ya koma gida yana tari cikin iyalinsa. A wajen yara abin ya fi wuya, tun da ƙaramin yaro bai iya fidda majina ba, kuma tamowa takan ɓoye ciwon. Ga ƴan cin rani masu dawowa daga Najeriya, Libiya ko wuraren haƙar zinariya irin su Jado, inda ƙurar dutse ke cin huhu. Yankinmu na Madawa, Buza da Keita ya san wannan tafiya sarai.

To, me ya sa adadin waɗanda aka horar bai isa ba? Don takardar da ake sa wa hannu a ɗakin taro, ranar taron kaɗai take shaida. Bayan nan akwai canjin wurin aiki. Akwai ɗan kwantaragi da ya samu wani aikin, akwai wanda ya koma makaranta. Sai a ga suna yana nan cikin lissafi, mutumin kuwa yana Yamai. Wani lokacin ma majo ne ke zuwa horon, amma mataimakinsa ne ke duba marasa lafiya kullum.

Mu a ganinmu, lissafin da zai amfane mu shi ne wanda ke amsa tambayoyi huɗu: wa aka horar, a kan me, yaushe, kuma yana nan a wurin har yanzu? Batun "yaushe" ba wasa ba ne, don aikin yana sauyawa. A 2010 OMS ta amince da na'urar GeneXpert, mai ba da sakamako cikin wajen awa 2, har ta nuna in ƙwayar ta fi ƙarfin maganin rifampisin. Wanda horonsa ya tsaya a zamanin madubin likita kaɗai, yana bukatar sabo.

Kuma ƙasarmu ta taɓa nuna abin da ƙwararrun hannu ke iyawa. Tun 2008 shirin ƙasa na PNLT da ƙungiyar Damien suka soma gajeren magani na tarin da ba ya jin magani, tun kafin OMS ta ba da shawarar yin sa a 2016. Cikin mutum 65 na farko, kusan kashi 89 cikin ɗari suka warke. Sirrin kuwa bin marar lafiya kullum.

Wannan lissafi bai bukatar kuɗi masu yawa. Dama ana aika rahoton tarin fuka wata uku-uku. A ƙara masa layi guda na ma'aikatan da ke wurin da horonsu. A sa masu auna majina a ciki, da ungozoma, da ƴan rele na ƙauyuka. Sannan a gwada da aikin: wurin da aka ce yana da mai horo, amma wata uku bai tura majinar kowa ba, a je a duba. Gani ya kori ji.

Kwamitocin kula da asibitocinmu da magadan gari suna da hakkin yin wannan tambaya a taronsu na gaba. Mu ma za mu ci gaba da yin ta a gidan rediyo. Ku kuma, in tari ya kai mako 2, kada ku tsaya ga mai magani na kasuwa. Ku je asibiti, ku ce a auna majina. Allah ya ƙara mana lafiya.