Hana Yaron Shago Sayen Kayan Wani: Fa'idodi da Illoli

A Paki, kamar a Hunƙuyi da Maƙarfi, yaron shagon taki shi ma manomi ne. Damina na faɗuwa zai nemi buhun yuriya da maganin feshi don 'yar gonarsa ta masara. To, maigida na da ikon cewa kada ya saya sai a wurinsa?

Masu shaguna suna da hujjarsu. Manomi bai cika damuwa da rubutun jikin buhu ba, abin da yaron shago ke zubawa a gonarsa yake kallo. In aka gan shi ya ɗauro takin wani dila a bayan babur, kafin la'asar magana ta zaga gari cewa kayan Alhaji mai shagon ba su da kyau. Wanda ke amfani da abin da yake sayarwa kuma ya fi iya bayaninsa: murfi nawa ake zubawa a tankin feshi, yaushe ake ƙara taki na biyu. Manyan kamfanoni ma suna da wannan kishi. A 2006 wata masana'antar Ford da ke Dearborn a Amurka ta ce duk ma'aikacin da ya zo da motar wani kamfani ya ajiye ta can nesa. Ba ta dai hana shi saye ba.

A ganina illar ta rinjayi fa'idar. Sharaɗi kan rigar aiki, ko kan abin da za a saya da kuɗin shago, babu mai jayayya da shi. Amma albashi in ya shiga aljihu ya zama na mai shi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta 1974, a sashe na 2, ta haramta wa mai ɗaukar aiki gindaya wa ma'aikaci inda zai kashe ladansa ko wurin wanda zai kashe shi, ta ce yarjejeniyar da ke ɗauke da irin wannan sharaɗi ba ta da tasiri. Sai dai yawancin yaran shago ba su da ko takardar ɗaukar aiki, kuma wa zai kai ubangidansa kotu a garin da gobe za su haɗu a sahun salla?

In maigida ya hana shi, sai yaro ya koma saye a ɓoye, yana aiken ƙaninsa Ikara ko Zariya. Alhaji kuwa ya rasa mutum ɗaya da zai iya gaya masa, "Ranka ya daɗe, na wancan shagon ya fi namu araha, kuma ya fi kashe ciyawa." In maganin da aka tilasta wa yaron ya ƙi ci, ciyawa ta cinye masara, asarar ba ta shiga littafin shago, shi da iyalinsa ne za su sayi hatsi da bazara.